Ranar da Na Wanke Akwatin Manman

Wasunku sun rubuto min a ƙasan labarin da na saka makon jiya, suna cewa ni uba ne nagari. Ku ɗan riƙe yabon nan tukuna, ku ji abin da na aikata ranar Juma'a.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: sunana Geng Baotian, amma a kasuwar garinmu, kusa da Huainan, Tsoho Geng mai awara ake ce min. Shekara talatin ke nan ina yin awara. Karatuna bai yi nisa ba, in kun ga kuskure ku yi haƙuri. 'Yata ɗaya ce, Manman, shekararta ashirin, kuma wannan ne karo na uku da take rubuta jarrabawar lardi ta shiga kwalejin zane. Shi ne kuma na ƙarshe. A teburin sabuwar shekarar da ta wuce, yayata Baozhi ta sa ta faɗa da bakinta a gaban dangi: in ta sake faɗuwa, ta ajiye burushi, ta dawo gida ta tsaya a kantin maganin Yaya. Ni ina zaune ina ɓare gyaɗa, ban ce uffan ba. Wannan ma laifi ne, amma ba shi zan faɗa yau ba.

Mun zo birnin Hefei ranar Laraba, na kama mana ɗaki a wani ƙaramin masauki kusa da inda za a yi jarrabawar. Uwar Manman ta tsaya a shago, ta haɗo ni da jar safa ƙafa biyu ta neman sa'a, da tulun soyayyen barkono, da gargaɗi ɗaya.

"Ka dafa mata abinci, ka yi shiru. Shi ke nan aikinka. Kada ka taɓa mata komai."

Ranar Juma'a da hantsi Manman ta zura baƙar rigar sanyinta, doguwar nan mai kaiwa ƙauri wadda duk 'yan zane suke sawa, gabanta ya yi tauri da fenti kamar fata. Ta ce za su je su ga zauren jarrabawa, kowa ya gane kujerarsa.

"Baba, akwatin fentin nan kada ya sha rana. Ka bar shi inda yake."

"Na ji."

Tana fita saƙon Yaya ya shigo. Ita ba ta rubutu, murya take turowa, kowanne daƙiƙa hamsin da tara.

"Baotian, kana jina? Na sa an ɗinka mata farar rigar kanti, daidai jikinta. Ba mugun fata nake mata ba, amma mutum ya shirya. Kuma yaron nan mai tabarau, ka sa ido. Wanda ya faɗi sau huɗu me zai koya wa wani in ba faɗuwa ba?"

Yaron mai tabarau shi ne Fang Rui. Shekararsa ashirin da uku. Sau huɗu ya rubuta wannan jarrabawa bai samu ba, sai makarantar da ke horar da su ta riƙe shi yana taimakon malamai. A watan tara na ga saƙonsa ya hasko a wayar Manman: "Kin ci abinci? Kada ki wanke burushi da ruwan sanyi, hannunki zai tsage." Tun daga ranar na sa ta yi min alkawari ba za ta kira shi ba, ba za ta amsa ba, sai an gama jarrabawa. A aji kawai, gaban mutane. Ta kalle ni ta ce to.

Na kife wayar, na share ɗakin, na goge tagar masaukin da ba tawa ba. Sai idona ya sauka kan akwatin.

Akwatin filastik ne mai gida arba'in da biyu, layi shida, kowane layi gida bakwai. Na ce bari in leƙa kawai. Layi huɗu na sama lafiya lau, ja da rawaya da shuɗi. Amma layi biyu na ƙasa, kai! Gida goma sha huɗu, duk taɓo. Wani kamar ruwan kwata, wani kamar ƙasan tukunya, wani kamar tsumman da aka goge ƙasa da shi wata guda. Ni mutum ne da in ƙuda ya sauka a madarar wake, ganga guda nake zubarwa. Zuciyata ta ce: yarinyar nan aiki ya sha kanta, ko wanke kayanta ba ta samu yi ba, gobe kuma da wannan ƙazanta za ta shiga gaban manyan malamai?

Da nan na tsaya, da na ce muku tsabta ce kawai ta ja ni. Amma na yi alkawarin gaskiya.

A cikin murfin akwai 'yan takardu masu gam, ɗaya saitin kowane gida na taɓon. Rubutun ba nata ba ne. Na sa tabarau na karanta. "Bangon layinmu bayan ruwa." "Gajimaren ranar da kika yi fushi." "Hular da kika ɓatar." Na karanta uku, kunnena ya ɗau zafi. Sauran ban karanta ba. Na ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, kuma, masu karatu, daɗi na ji.

Na sauka shagon kayan zane da ke ƙasa na ce wa matar ta ba ni launuka goma sha huɗu mafiya haske.

"Na yara ne?" ta tambaya.

"Na jarrabawa."

Ta ɗan dube ni ta saman tabarau, ta zuba min a leda.

Na shimfiɗa jarida. Na ɗauki 'yar wuƙar gorata, na kwashe gida na farko na shafe a jarida, na biyu kusa da shi, haka a jere kamar yadda nake yanka awara, don ni ko ɓarna zan yi a tsare nake yinta. Abin da na kwaso da yawa na kora a bututun wanka. Na wanke gidajen da ruwan zafi sau uku, na tsane, na cika su da sabon fenti. Kore kamar ganyen albasa. Ruwan hoda kamar alewa. Akwatin ya koma kamar kantin kayan biki. Jaridar kuma na ɗora a kan taga ta bushe, don mu riƙa ajiye takalma a kai. Na dafa taliya na zauna ina jira a yabe ni.

Ƙarfe ɗaya ta shigo, hancinta ja wur.

"Kujerata kusa da taga take, Baba, haske mai kyau. Ƙamshin me nake ji?"

"Ci abinci tukuna. A'a, fara duba akwatinki."

Ta buɗe. Ta daɗe tana kallo. Ta rufe, ta sake buɗewa, kamar wadda take tsammanin zai canja.

"Baba, ina launukana na toka?"

"Taɓon? Na wanke miki. Dubi yadda..."

"Ka wanke."

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi da ya fi min. Zama ta yi a bakin gado da rigar sanyinta, akwatin a cinya, tana magana a hankali kamar mai yi wa ƙaramin yaro bayani.

"Ka san yadda suke duba takardunmu? A ƙasan filin wasa suke shimfiɗa su, dubbai, babu suna a kan ko ɗaya. Malamai suna tafe da sanda. Kowace takarda kallo ɗaya. Wadda launinta ya fito ɗanye daga kwalba, suna ganinta daga nesa, su ture ta can ƙasa. Haka aka ture tawa bara. Awa uku ake ba mu, Baba. Babu lokacin da zan tsaya ina neman launin inuwa. Wata huɗu muna haɗa waɗannan, ɗigo-ɗigo, har hannuna ya san inda kowanne yake ko ido rufe."

"To a sake haɗawa mana. Ai akwai fenti."

"Ban rubuta yadda aka haɗa ba."

"Wa ya sani?"

Ta ɗago ta kalle ni. Idon uwarta ne sak in ta gama da mutum.

"Ka ce kada in kira shi. Ban kira ba. Ba kuma zan kira ba."

Ta kwanta ta juya wa ɗakin baya, da takalminta a ƙafa.

Na fita baranda. Lambar Fang Rui tana wayata tun watan tara. Na kwafe ta ne don ranar da zan zage shi. Na tsaya ina kallonta har yatsuna suka sandare. Na tuna farar rigar kanti da aka ɗinka daidai jikin 'yata. Na danna.

"Malam Fang? Geng ne. Baban Manman."

Na ji wani abu ya faɗi a can, kamar ya miƙe tsaye ba shiri.

"Baffa! Lafiya? Wani abu ya same ta?"

"Ni na same ta."

Na faɗa masa.

"Duka sha huɗun?"

"Duka."

"Baffa, da me ka goge wuƙar?"

"Jarida."

"Ka yar?"

"Tana kan taga."

"A jere ka shafa, ko a cakuɗe?"

"Kai, ni ban taɓa yin aiki a cakuɗe ba."

"Kada ka naɗe ta. Kada ka hura mata iska ma. Ga ni nan."

Cikin rabin awa ya iso a kan babur mai batir, da buhun kwalaben fenti tsakanin ƙafafunsa, da na'urar busar da gashi a rataye a wuya. Siriri ne kamar sandar cin abinci, ƙafar tabaransa ɗaure da zare, baƙar rigarsa ta fi ta Manman datti. Ya rusuna ya gaishe ni da hannu biyu, kamar ba ni ne mai laifin ba. Manman ta tashi zaune, ta dube shi, ta dube ni.

"Ni na kira shi," na ce. "Alkawarinki yana nan."

Ya durƙusa gaban jaridar kamar mai gaida kabarin kakanni.

"Manman, zo ki gani. Bakwai sama, bakwai ƙasa. Baffa, da ɗalibanmu suna da tsarinka da ban tsufa da wuri ba."

Ya bayyana min cewa irin fentin nan in ya bushe haske yake ƙarawa, don haka ba za a gwada jiƙaƙƙe da busasshe ba. Sai a haɗa, a shafa a gefen jarida, a busar da na'ura, a duba, a sake. Na kwashe launukan alewata da hannuna, na sake wanke gidajen. Wannan karon ba wanda ya hana ni.

Suka fara. Shi yana tuna abin da aka zuba, ita tana duba ido.

"Wannan da ɗan shuɗi muka fara."

"Ƙarya kake. Kore ne, ranar ka zubar min da shayi."

"To shayin ma ya shiga ciki, a nemo shayi."

Ta kusa yin dariya, ta tuna ina wurin, ta haɗiye.

Matsalar ita ce juyawa. Kowane haɗi sai ya zama sumul, babu zare-zaren launi, su kuma hannunsu ya fara gajiya tun a na huɗu. Na miƙa hannu. Fang ya ba ni kofi da 'yar sanda. To wannan kam aikina ne. Shekara talatin ina juya madarar wake kada ta kama.

"Kai, Baffa! Dubi, kamar man shafawa."

"Ka ce masa ya daina sunkuyawa a kai," in ji Manman, "gashin girarsa zai faɗa."

Haka aka yi ta yi. Ba ta yi min magana kai tsaye ko sau ɗaya ba, komai sai ta bakin Fang, alhali gwiwata tana taɓa tata. Ka ce masa ya ƙara juyawa. Ka ce masa taliyarsa ta yi sanyi. Ni kuwa ina juyi ina satar kallonsu. Na ga in ta miƙa hannu, kafin ta faɗi abin da take so ya riga ya sa mata. Na ga ya tura mata kofin ruwan ɗumi ta wanke burushi, shi yana wanke nasa a na sanyi. Ban so na gani ba, amma na gani.

Yaya ta turo saƙo uku. Ban buɗe ba.

Wajen ƙarfe huɗu da rabi mun gama sha uku. Saura gida na ƙarshe, na kusurwar dama. Shafin wuƙata na wannan ya sauka ne a kan baƙin hoton jarida, ba a gane komai.

"Wannan ban san shi ba," in ji Fang. "Ita ta haɗa kayanta, ta hana ni gani. Shi take sa wa inuwar farin abu. Kuma Baffa, babu shekarar da ba sa kawo farin abu, ko faranti ko ƙyalle."

Manman ta haɗa sau ɗaya, ya yi shuɗi da yawa. Ta sake, ya mutu kamar siminti. Ta sake. Hannunta ya fara rawa. Ta ajiye sandar ta rufe fuska.

"Ba ya zuwa. Na manta."

Na sa hannu a aljihu in ciro mata hankici, sai na taɓo dunƙulen takardun nan masu gam da na ɓamɓare. Na warware su a ɓoye a ƙarƙashin tebur. Sha uku rubutun Fang. Ɗaya kuma rubutun da na sani tun tana aji ɗaya, mai karkata hagu. "Awarar Baba, da sassafe."

Masu karatu, ku ba ni minti ɗaya.

Na miƙe na sa takalmi na sauka kasuwar bayan layi. Na sayo awara yanka ɗaya na dawo na ɗora a kan taga, inda hasken yamma ke shigowa.

"Wannan ba awara ba ce, alli ne," na ce. "'Yan birni ba su san wake ba. Amma ku dubi gefen da haske bai taɓa ba. Tamu ta fi wannan ɗumi. Da safe in na buɗe ƙofar shago, shuɗin waje yana faɗo mata ta gefe ɗaya, ƙwan fitila yana dukanta ta sama. Shuɗinki daidai ne. Rawaya ce babu."

Fang ya miƙo wata kwalba.

"Ba wannan mai kama da lemo ba. Waccan, mai kama da ƙasa. Kan tsinke kawai," na ce.

Manman ta sauke hannu daga fuskarta. Ta ɗiga. Na juya. Aka shafa, aka busar.

"Saura kaɗan. Kamar an rage wake a madarar," na ce.

Ta ƙara. Na juya. Na'urar ta yi ta ƙara a ɗakin, mu uku mun haɗa kai a kan 'yar takarda. Launin yana bushewa yana tasowa a hankali, sai ga katakon shagona, ga sanyin safiya, har ƙamshin na ji.

"Tsaya," na ce. "Ita ce."

Ta daɗe tana kallo.

"Ita ce," ta ce. Ga takardar ta faɗa, ba gare ni ba. Amma ba ta bi ta bakin Fang ba.

Ranar Asabar na ba ta doguwar soyayyiyar fulawa ɗaya da ƙwai biyu, siffar maki ɗari ke nan, ta sa jar safar uwarta, ni ma na sa tawa. A bakin ƙofar makarantar baƙaƙen riguna ne har iyakar gani, kowa da kujerar naɗewa da bokiti da akwati. Na miƙa hannu in ɗaukar mata akwatin zuwa layi. Ta ƙanƙame shi a ƙirji ta wuce. Ban ga laifinta ba.

Ni da Fang muka tsaya a jikin shinge. Ya sayo dankali gasasshe guda biyu ya ba ni babban.

"Me ya kayar da kai har sau huɗu?" na tambaye shi. Ban yi niyyar ta fito da kaifi haka ba.

"A aji babu wanda ya fi ni, Baffa. Amma ana buga ƙararrawa sai hannuna ya zama na wani." Ya ɓare dankalinsa. "Nata ba ya haka. Jiya ne kawai na ga ya yi rawa."

"In ta ci, Hangzhou take so. Da nisa."

"Na sani. Ni na nuna mata hotunan makarantar."

Na ci gaba da cin dankalina.

Awa uku cif aka buɗe ƙofa. Na hango ta a cikin taron, fenti har goshi. Ta tsaya tana dube-dube, ta gan mu. Na ja baya kaɗan don in ba su wuri, na ce a raina wurinsa za ta, kuma ya cancanta. Ta zo ta tsaya a tsakaninmu.

"Ya aka yi?" in ji Fang.

"Kabeji, tulu, lemo uku aka ba mu mu zana." Ta ja hanci. "Da farin kwano, ƙato, a tsakiya."

"Gida na sha huɗu?"

"Ya kusa ƙarewa."

Sai ta juyo ta dangwara min akwatin a hannu.

"Riƙe min, Baba, zan fere fensir na jarrabawar rana." Ta ɗaga yatsa. "Riƙewa kawai."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Ƙaramin Fang, in ba ka da inda za ka ci sabuwar shekara, gidanmu akwai awara ta gaskiya."

Ya cire tabarau ya hau gogewa da rigar da ta fi tabaran datti. Manman ta yi kamar ba ta ji ba, amma kunnenta ya yi ja.

Suna can gefe suna fere fensir na zauna a bakin titi na buɗe saƙonnin Yaya. Ga abin da na ƙarshen ya ce.

"Baotian, ka ƙi amsa ni ko? To ka ji. Na gayyato ɗan likitan haƙori da iyayensa cin sabuwar shekara a gidanku don ya ga Manman, sun amsa. Lokacin sakamako ya fito, kowa ya san matsayinsa. Ka tanadi kujera uku."

Teburinmu kujera takwas yake ɗauka, ga shi na riga na gayyaci Fang, kuma ban taɓa ce wa Yaya a'a ba tun ina yaro. Har yanzu da nake rubuta muku ban amsa mata ba.

Na mayar da wayar aljihu. Akwatin yana kan cinyata. A kan murfin akwai wani shafin toka, ɗanye, daidai inda babban yatsana yake, hankicina kuma yana aljihun hagu. Na zauna a kan hannuna har suka gama.